Yadda za ka fara busa kilarinet irin ta jaz kana nan Bauchi

Kilarinet abin busa ne na Turawa, doguwa kamar algaita amma mai madannai. Da farko dai don Allah kar ka sayi ta katako. Eh ita manya ke riƙewa, da baƙin itacen nan na Tanzaniya da Mozambik ake yin ta kuma muryarta akwai zaƙi, amma hunturunmu ba ya raga mata, iska na bushewa sai ka wayi gari ta tsage kuɗinka sun tafi. Nemi ta roba mai B-flat (sunan nau'in da aka fi busawa ke nan), ko ta hannu ce ba komai indai madannan ba sa yoyon iska.

Sai rid, ɗan siririn karan da ake ɗaurewa a bakinta, shi ke kaɗawa ya ba da sauti. Fara da lamba 2, lambar taurin karan ke nan, ka jiƙa shi a baki kafin ka ɗaura, in ka gama ka goge cikinta da ƙyalle.

Wajen busa, leɓen ƙasa ya ɗan rufe haƙoran ƙasa, haƙoran sama su zauna kan bakin kilarinet ɗin, kar ka ciza. Ka riƙe sauti ɗaya dogo har numfashi ya ƙare, ka sake, kullum, tun kafin ka fara zancen waƙa. Za ta yi ta ƙara mara daɗi a farko, kowa haka ya fara. Iskar daga ciki take fitowa, kalli masu algaita ranar hawan sallah ka gani. Malami kuwa ka tambayi 'yan badujala ko masu busa a coci.

To inda na fi damuwa shi ne kunne, domin jaz da saurare ake koyon ta. Nemi Benny Goodman mai busa kilarinet a YouTube, ɗan tela ne talaka da aka haifa a Chicago a 1909, ya fara koyo yana shekara 10, a 1938 ya kai jaz zauren Carnegie Hall a New York, kuma a lokacin da wariyar launin fata ta yi tsanani a Amurka shi yana hawa dandamali da baƙar fata irin su Teddy Wilson da Lionel Hampton, wallahi wannan kaɗai ya sa nake ganin girmansa. Ka ƙara da Sidney Bechet ɗan New Orleans, ji yadda yake girgiza sauti.

Ɗauki ɗan guntu kawai, ka rage gudun bidiyon zuwa rabi, ka yi ta bi har yatsunka su kama, sannan ka naɗi kanka a waya ka kwatanta da nasu.