Yadda za ka fara sana'ar horar da karnuka a Zariya

Na san wani zai ce haba, kare kuma? Eh, kare. Masu gidaje a GRA da kwatas ɗin ABU suna sayen manyan karnuka irin su Alsatian da Boerboel da tsada don gadi, sai kare ya girma ba ya jin magana, nan ne aikinka yake.

Kafin komai ka samu wanda ya iya ka bi shi ko wata shida ne, har mafarauta ma akwai abin koya wajensu. Kada ka taɓa karen da ba a yi wa allurar haukan kare ba, ka ce maigida ya nuna maka kati, in babu ku wuce asibitin dabbobi na jami'a a Samaru, tun ɗan kwikwiyo yana wata 3 ake yin ta.

Horon kansa minti 10 zuwa 15 ya isa, da sassafe ko bayan la'asar saboda zafi. Kalma ɗaya, zauna, yana ajiye gindi ka miƙa masa guntun hanta a take, in ka yi jinkiri ko kaɗan ne bai san ladan me ya ci ba. Banda kilishi da tsire, yaji da albasa na cutar da su. Duka kuma bar shi, ni da kaina na taɓa ɓata wani kare da bulala, sati uku yana ganina sai ya shige ƙarƙashin mota.

Kuɗi ku yi tsada a kan wata, a ba ka rabi tukuna. Ka riƙa ɗaukar bidiyo kana sawa a status na WhatsApp, kwastoma shi ke kawo kwastoma.