Yadda Ake Ba Alobera Ruwa da Taki Don Samun Riba

Masu sarrafa alobera kan sayi ganyenta ne bisa nauyi, kuma kusan kashi 99 cikin 100 na tsokar da ke cikin ganyen ruwa ne. Saboda haka manomin da ya bar ta da ƙishi don an ce masa tana jure fari, zai tarar ba ta mutu ba, amma ganyen ya yi siriri, ya koma ja-ja, ya rasa nauyin da ake biyan kuɗi a kansa.

A fara da zaɓen jigawa ko wata ƙasa mai tsotse ruwa, a guji fadama mai laka. Saiwar alobera ba ta wuce zurfin santimita 30 ba, kuma idan ruwa ya kwanta a gindinta sai ta ruɓe, ganyen ƙasa ya yi laushi ya zube. A yi kunya mai tudu, a dasa 'ya'yan da ke tsirowa gefen uwa da tazarar santimita 60, sannan a ba su ruwa nan take.

Da damina ba ban-ruwa ake bukata ba, magudana ake bukata. Da hunturu ruwa sau ɗaya cikin mako biyu kan wadatar, da bazara kuwa sai a matso da shi kusa, amma kullum a fara tura yatsa cikin ƙasa. Idan akwai danshi, a dakata. Wanda ke da hali ya shimfiɗa tiyo mai ɗigo, domin yana kai ruwa gindi ba tare da jiƙa tsakiyar shukar ba, yana kuma rage kuɗin man inji.

Game da taki, na fi amincewa da takin shanu da ya ruɓe sosai, kimanin tan 10 zuwa 15 a hekta kafin dashe. Ana iya ƙara takin zamani na NPK kaɗan, amma yawan takin yuriya kan sa ganye ya yi taushi, cuta ta kama shi cikin sauƙi.

Girbi mai kauri kan fara ne a shekara ta biyu, ana yanke ganye 3 ko 4 na waje daga kowace shuka duk bayan wata uku, gonar kuma kan kai shekara 5 tana bayarwa. A kulla ciniki da mai saye kafin a sa wuƙa, domin ingancin tsokar kan fara raguwa cikin 'yan sa'o'i bayan yanka.