Yadda ake haɗa tumpeng, shinkafar godiya ta mutanen Jawa

A tsibirin Jawa na ƙasar Indonesiya, idan an yi haihuwa, ko an tare a sabon gida, ko ranar 17 ga Agusta ta zagayo, wadda a cikinta aka ayyana 'yancin ƙasar a 1945, akan tara dangi da maƙwabta a zaman addu'a da suke kira slametan, a ajiye tumpeng a tsakiya. Shinkafa ce da aka gina ta tsaye kamar tsauni, kuma wanda zai haɗa ta ya kamata ya san dalilin kowane mataki.

Da farko a wanke shinkafa, a dafa ta rabin dahuwa da madarar kwakwa da gishiri da kurkum, sannan a turara ta har ta nuna. Kurkum ne ke ba ta launin zinariya, alamar arziki da wadata. Wasu gidajen kuma fara suke yi, domin fari tsarki yake nunawa.

Sai a zuba ta tun tana da zafi cikin kukusan, wani madambaci mai siffar mazurari da aka saƙa da gora, ana danna ta kaɗan-kaɗan da bayan cokali domin kada a bar rami a ciki. Idan ta ɗan huce, a kife ta a tsakiyar tampah, wato faifan gora da aka shimfiɗa wa ganyen ayaba, a zare kukusan ɗin a hankali. Wannan siffar ita ce zuciyar al'amarin. Jawa ƙasar duwatsu masu aman wuta ce, mafi tsayinsu Semeru mai mita 3,676, kuma mutanen zamanin da sun ɗauki tsauni a matsayin mazaunin kakanni da alloli. Da Musulunci ya kafu, siffar ta zauna amma ma'anar ta sauya: faɗin gindin jama'a ne, tsinin kuma yana nuni ga Allah ɗaya da ake yi wa godiya.

Daga nan a jera mahaɗi a kewaye, iri bakwai, saboda bakwai a harshensu pitu ce, suna danganta ta da pitulungan, wato taimako. Daga cikinsu akwai zakara da aka dafa sukutum, mai suna ingkung, alamar miƙa wuya da danne girman kai. Akwai dafaffen ƙwai da ɓawonsa, domin mai ci ya ɓare da hannunsa ya tuna cewa aiki sai da shiri. Akwai ƙananan kifaye masu yawo a garke, alamar zaman tare, da tarwaɗa mai jure zaman taɓo, sai urap, kwaɗon alayyafo da dogon wake da gurzajjiyar kwakwa.

Bayan addu'a sai rabo, kuma a nan ake da saɓani. Abin da ya yaɗu a yau shi ne a yanke tsinin a miƙa wa wanda aka fi girmamawa a wurin. Wasu dattawan Jawa suna ganin hakan kuskure ne, suna cewa a riƙa ɗiba daga gindi, kowa ta gefensa, har tsinin ya sauko da kansa ya gauraya da sauran. Ni ra'ayinsu ya fi kwanta mini, domin ta haka ne babba da yaro suke cin abu guda daga faifai guda.