Yadda na daina zamewa a kwana

Na daɗe ina fama da babur ɗina Boxer, domin duk lokacin da na shiga kwana da gudu, musamman inda yashi ya kwanta a bakin titi, sai tayar baya ta zame. Da na lura, sai na gane ina taka birki ne bayan na riga na karkata, idona kuma yana kan tayar gaba. Na shafe mako biyu ina gwaji a wani fili da sassafe. Yanzu ina rage giya tun babur yana miƙe, in haɗa birkin hannu da na ƙafa a hankali, in dubi mafitar kwanar, sannan in murɗa totur kaɗan-kaɗan. Zamewar ta ƙare, tafiyar ma ta fi sauri.