Yadda Malamin Falsafa Zai Bi Sawun Rubuce-rubucensa da Masu Ambatonsu

A ofisoshin malamai da yawa a Samaru za ka tarar da kwali a bayan ƙofa, cike da mujallun sashe da aka buga shekaru da suka wuce, ƙura ta lulluɓe su. Akwai maƙalu masu nauyi a ciki, amma babu ko ɗaya a intanet. Abin yana damuna ƙwarai, domin aikin da ba a gani ba, babu mai ambatonsa a cikin rubutunsa komai kyawunsa. Ga hanyar da malamin falsafa a Jami'ar Ahmadu Bello, ko wata makaranta a Zariya, zai bi ya gyara wannan.

Fara da sunanka. Idan a wata maƙala kai Muhammad ne, a wata Mohammed, a wata kuma ka ƙara sunan garinku, na'ura za ta ɗauke ka mutum uku, ta raba musu ambaton. Zaɓi rubutu ɗaya ka tsaya a kansa. Sannan ka yi rajista da ORCID, wanda aka fara a 2012. Kyauta ne, lamba ce mai alƙaluma 16 da za ta bi ka ko ka sauya jami'a. Ka riƙa sa ta a duk maƙalar da ka tura.

Daga nan sai ka buɗe shafi a Google Scholar, wato manhajar Google ta neman rubuce-rubucen ilimi, da adireshin imel na jami'a, don da shi ake tabbatar da kai. Zai jero maka ayyukan da yake zaton naka ne. Kada ka amince da su a dunƙule. Bi su ɗaya bayan ɗaya, ka cire na masu suna irin naka, ka haɗe waɗanda suka fito sau biyu.

Yanzu sai alƙaluma, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Za ka ga jimillar ambato, sai ma'aunin h, wanda masanin kimiyyar fiziks Jorge Hirsch ya kawo a 2005. Ma'anarsa mai sauƙi ce: in kana da maƙalu 12, biyar daga ciki kowacce an ambace ta aƙalla sau biyar, to h ɗinka 5 ne. Sauran bakwai ɗin ba su shiga lissafi ba. Kada ka auna kanka da abokinka na asibitin koyarwa da ke Shika. Likitoci sukan haɗu da yawa su rubuta maƙala ɗaya, kuma ana ambatonta da wuri. Masanin falsafa kuwa galibi shi kaɗai yake rubutu, littafi ɗaya ya ci masa shekaru, ambato kuma ya zo a hankali. Edmund Gettier ya buga maƙala mai shafi uku kacal a 1963 a kan ma'anar sani, har yau ana muhawara a kanta. Ma'aunin h ba ya iya nuna irin wannan tasiri, saboda aiki ɗaya ne.

Sai batun kwalin nan. Ciro maƙalunka, ka yi musu sikanin mai kyau wanda na'ura za ta iya karanta haruffansa, ka nemi izinin editan mujallar, ka ɗora su a PhilArchive. Ɓangare ne na PhilPapers, rumbun da David Bourget da David Chalmers suka kafa a 2009, kuma can masana falsafa na duniya suke neman abin karantawa. In da Hausa ka yi rubutun, ko a kan tunanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da malaman zamaninsa, ƙara taƙaitaccen bayani da Turanci domin mai bincike daga nesa ya gano shi. Tambayi ma'aikatan Laburaren Kashim Ibrahim yadda za a saka kwafi a rumbun jami'a.

Nan gaba, kafin ka tura maƙala, duba ko mujallar tana cikin AJOL (rumbun mujallun Afirka a intanet) ko Scopus (kundin mujallun da aka tantance na duniya), kuma ko tana ba kowace maƙala lambar DOI, wato lambar dindindin da ake gano maƙala da ita a intanet. Wadda ta yi maka alƙawarin bugawa cikin sati ɗaya in ka biya kuɗi, rabu da ita, ko da lokacin ƙarin girma ya matso. Masu tantance ayyukanka daga wajen jami'a a lokacin ƙarin girma sun san irinsu.

Bayan kowane zangon karatu, koma shafinka ka buɗe jerin waɗanda suka ambace ka, ka karanta abin da suka faɗa. In wani ya soki hujjarka, rubuta masa amsa a maƙala ta gaba.