Kafin ka biya kuɗin mota zuwa Tula, gwada numfashinka

Jama'a, ga mai son fara hawan dutse: kada ka fara da babba.

Nemi ƙaramin tudu kusa da gida. Bayan sallar Asuba ka ja abokinka, kuna hawa kuna hira, kamar minti 30.

In kana iya ƙarasa magana ba tare da haki ya katse ka ba, jikinka zai ɗauki tsaunukan Tula da ke Kaltungo a jihar Gombe. In kuwa kalma biyu ka yi sai ka dafa gwiwa, to tsaya ga tattaki a fili tukuna, irin na gefen dam ɗin Dadin Kowa. Shi ma motsa jiki ne, ba abin raini ba. Manyan duwatsu irin su Dutsen Bima ba za su gudu ba.

Dalili shi ne, in magana ta gagara, jiki na neman iskar da ta fi ƙarfin huhu da zuciyarka. A haka ba za ka yi nisa ba.

Na taɓa ganin wani matashi ya sayi sabon takalmi mai tsada, ya biya mota, rabin hanya ya zauna kan dutse gumi na ɗiga daga haɓarsa. Wallahi ya ba ni tausayi.

Amma gwajin ba ya auna gwiwa, kuma a saukowa take ciwo. Riƙe sanda. A zafin Maris da Afrilu ma kada ka dogara da shi, don rana ta fi tudu kayar da mutum.

Mai hawan jini ko asma, ga likita tukuna.