Yadda ake gane gatse a rubutun adabi

Gatse shi ne mutum ya faɗi magana alhali akasinta yake nufi, kuma yana so a gane hakan. A baka ba ya wuyar ganewa, murya da kallo sukan tona shi. A takarda kuwa babu murya, shi ya sa ɗalibai da yawa ke ɗaukar gatsen marubuci a matsayin yabo na gaske.

Da farko, auna maganar da halin da aka faɗe ta a ciki. Yaro ya fasa randa, ruwa ya malale tsakar gida, uwarsa ta dube shi ta ce, "Sannu da aiki, ɗana, ka kyauta mini." Kalmomin na godiya ne, amma fasasshiyar randar ta ƙaryata su. Haka wanda zai shigo rumfa a babbar kasuwar Sakkwato da tsakar ranar watan Afrilu, gumi na tsiyaya, ya ce, "Yau kam sanyi ya matsa muna." Duk inda magana ta saɓa wa abin da ido ke gani, tsaya ka sake karantawa.

Sai ka tambayi kanka wa ke magana, da wa yake yi. Kaka da jika, ko taubasai, suna da damar gatse wa juna ba tare da rai ya ɓaci ba. In ƙane ne ya faɗa wa yayansa irin wannan maganar, to marubuci na nuna maka akwai tsama a gidan.

Kada ka haɗa shi da habaici ko zambo. Habaici yana ɓoye wanda ake nufi, zambo yana muzanta mutum kai tsaye, irin wanda makaɗan fada ke yi wa abokan hamayyar sarki. A ganina nan ne aka fi rikicewa a jarrabawa.

Wani lokaci gatsen yana cikin abin da ya faru ne, babu wanda ya furta komai. Karin maganar nan ta mai dokar barci da ya ɓuge da gyangyaɗi misali ce. Akwai kuma wanda mai sauraro ya san abin da ɗan cikin labari bai sani ba: a tatsuniya yara sun riga sun san Gizo ya haƙa wa Kura rami, ita kuwa tana ta yi masa godiya. In ka ci karo da irin wannan, rubuta a gefen shafi abin da ka sani da abin da shi ya sani, sannan ka bi labarin ka ga inda asiri zai tonu.